Matar da Gwaggo ta kawo bakin kogi

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don kada ku ce ƙato da furfura ya zauna wasan yara. To, ku ce. Ni dai wannan la'asar ba za ta fita raina ba.

A Alƙahira na koyo wasan, wajen wasu ɗalibai da muka zauna gida ɗaya. Kowa sai ya ƙirƙiri mutum: sunansa, abin da ya iya, abin da yake nema, abin da yake tsoro. Mutum ɗaya yana ba da labari, da dodanni da aljanu. In naka zai yi abu mai wuya, sai a jefa ƙwayar ludo ta raba gardama.

Da na dawo ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Abu Hujar, na tara 'ya'yan yayana, samari, a gindin dalbejiya. Kowa jarumi ya yi: mai takobin wuta, mai ƙarfin raƙumi goma. Na tambayi tsoronsu. Babban ya ce, "Baffa, nawa ba ya tsoron komai."

Na ce, "Kai da ƙadangare ya kora daga bayan gida?"

Gwaggona, yayar mahaifina, tana gefe tana dafa jabana, wato gahawarmu ta nan. Ta ce, "Kai mai yawon duniya, caca ka kawo mana?" Da na rantse babu ko sisi a ciki, sai ta jawo kujerarta.

"Tawa mace ce. Daga yamma ta taso a ƙasa, da jaki ɗaya da goyo. Gabas za ta, birnin da ke bayan teku. Ta iya haƙuri da yunwa. Ruwa take tsoro."

Duk mun san uwarta ce, kakarmu, wadda ta taso aikin hajji da Gwaggo a goye, ta tsaya a bakin kogin nan har ta rasu.

Aka fara. Samari suka kashe dodo biyu, ba wanda ya damu, har su kansu. Amma da na kawo ayarin bakin wani kogi da ya cika, kowa ya matso. Na ce sai huɗu ko sama za ta haye. Gwaggo ta karɓi ƙwayar, ta yi bismilla, ta jefa.

Biyu.

Na ce, "Tabarma ce ta karkace, Gwaggo, sake jefawa."

Ta ce, "Bar shi, ɗan nan. Ai haka aka yi." Ta kurɓi jabanarta. "Sai ta sauke kaya, ta kafa bukka, ta shuka kuɓewa. Halas, shi ke nan. Yanzu a yi mini wata. 'Yar goyon nan ce, ta girma."

Kafin mu gama haɗa 'yar aka kira magariba, muka watse.

Tun ranar, duk wanda ya ce in koya masa wasan nan, ce masa nake ya ajiye takobi tukuna. Ya ba mutuminsa inda yake son zuwa, da abin da ya tare masa hanya, sannan ya yarda in ƙwaya ta ƙi. Shi ne mutumin da za a matso a kalla.

Da safe na je gaishe ta. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗan nan, ita 'yar fa, nawa za ta jefa ta haye?"