Audugar Baba Bukar

Duk wanda ya zauna da kakana Baba Bukar a Yakasai ya san yatsan nan nasa. Bai iya ganin ƙasa ya wuce ba. Ko gidan biki muka je, in ya hango tukunyar fulawa, sai ya tsuguna ya cusa manuniyarsa, ya zaro, ya sansana, sannan ya gaisa da masu gida. Ni kuwa in ɓuya a bayan rigarsa don kunya.

Binciken ban-ruwan auduga ya yi har ya yi ritaya: yaushe za a ba ta ruwa, kuma yaya yawansa. Da ya dawo gida babu gona, sai ya jera tsofaffin bokitai a tsakar gida ya shuka ta a ciki. Burinsa ɗaya ne, duk unguwa an sani: da audugar hannunsa za a saƙa masa likkafani.

"Malam, wannan ko hula ba za ta yi ba," in ji kakata, Iya Falmata.

"Ana kan bincike."

Kowane bokiti da ranar shan ruwansa. Wata rana Iya ta ga wata shukar ta yi yaushi, ta juye mata ruwan wankin shinkafa. Baba ya dawo daga masallaci, yatsa ya shiga ƙasa.

"Innalillahi! Wa ya shayar da ita? Yau ba ranarta ba ce!"

"Ni ce. Tausayi ta ba ni."

"Tausayi! Hajiya, da gangan nake hana ta, in ga iyakar haƙurinta!"

"To ai nawa ma shekara da shekaru kana gwadawa."

Sai ga Baffa Mustafa, autansa da ke jami'a, ya zo da wata na'ura mai kama da doguwar ƙusa. A kafa ta a ƙasa, ita kuma ta aiko wa waya saƙo ko ƙasar ta bushe ko da danshi. Baba ya harare ta.

"Wato yatsan nawa ma an yi masa ritaya?"

Amma da ya ji kyauta ce, ya karɓa. Nan fa gida ya rikice. Kullum da safe waya ta ce bokitin da ke gindin katanga jiƙe yake, alhali Baba ya sa masa dokar ƙishi. Ya tara mu, babba da yaro. Iya ta rantse, mu ma muka rantse. Ya ɗauko kujera ya zauna gadi, ko abinci a nan yake ci.

Ni na san mai laifin. Baba yana da wata tsohuwar buta da ya ƙi canzawa, gindinta ya tsage kaɗan. In ya gama alwalar asuba, a cikin bokitin nan yake ajiye ta don kada kaji su ture. Na daɗe ina juya maganar a baki, ta ƙi fita. Daga ƙarshe na raɗa wa Iya. Ita kuwa Iya ba ta san raɗa ba.

"Jama'a, ku fito! Ga ɓarawon nan a kujera da carbi a hannu!"

Baba ya ɗaga butar, ya zuba wa gindinta ido. Ɗis. Ɗis. Muna jira ya ji kunya, sai fuskarsa ta washe.

"Allahu Akbar! Ban-ruwan ɗigo-ɗigo! Abin da ake sayowa daga ƙasar waje, ashe a hannuna yake!"

Washegari ya bi butocin gidan da ƙusa. Iya ta ɓoye tata a ƙarƙashin gado. Baƙon da ya shiga banɗaki a gidanmu kuwa, dole ya yi sauri.

Da buhun da yake tara audugar ya ɗan yi ciki, ya ja ni muka je wurin wani tsohon masaƙi a Ƙofar Mazugal. Mutumin ya ɗaga buhun da hannu ɗaya, ya dubi tsawon Baba.

"Malam, in aka cire angurya aka kaɗa zare, zai rufe ka daga gwiwa zuwa ƙasa."

"To sama fa?"

"Sai ka ƙara shekaru."

"Madalla. Dama ba sauri nake ba."

Bai ƙara da yawa ba. Bara a lokacin kaka ya rasu, audugar ta fara fashewa fari tas a bokitai. Daga kasuwa aka sayo likkafanin. Na ga Iya ta dube shi, ta kawar da kai.

Can sai masu yi masa wanka suka aiko daga ɗaki cewa suna buƙatar auduga. Baffa ya zura takalmi zai tafi kemis.

"Kemis?" in ji Iya. "A gidan nan?" Ta juyo gare ni. "Ɗauko buhun kakanki."

Ni da ita muka zauna muka tsince anguryar da hannu. Na kai bakin ƙofa na miƙa. Da audugarsa ya tafi.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.