Wanda Ya Koya wa Zarto Cewa A'a

Ina tsugune ina kwashe garin katako daga ƙarƙashin injin yanka sai na ga ƙafafun ƙanin matar abokina sun tsaya a gabana, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya babu. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Yaya, ya cika." Na tambaye shi wa, alhali na sani. Daga nan ban san lokacin da na ɗauki ƙarfen ɓanɓare ƙusa na nufi ofis ba. Na tarwatsa gilashin taga, na tarwatsa agogon bango, sai da abokan aiki suka danne ni a ƙasa, wani ya zauna mini a gadon baya, ina ihu bakina cike da ƙura. Mai wurin ya kulle kansa a banɗaki.

Baƙin Allo muke ce wa abokin nan nawa, domin kwamfutarsa ba hoto ba launi, rubutu ne fari a kan baƙi. Layinmu ɗaya da shi tun muna yara. Ranar da muka fara haɗuwa ya fasa mini leɓe a kan ƙwallo, washegari ya zo har ƙofar gidanmu ya tsaya yana kallon ƙasa, bai iya ba da haƙuri ba, sai ya miƙo mini ƙwallon. Haka yake har ya girma, zuciya a kusa, baki a nesa. Babansa gyaran fanka da rediyo yake yi, a shagon ne wani ya yasar da tsohuwar kwamfuta. Ni na tafi koyon kafinta, shi ya zauna gaban wannan akwati yana koyon wani yare da ake kira C. Na sha tsokanarsa cewa yaren da ko sunan kirki bai samu ba, harafi ɗaya tak, me zai tsinana wa mutum.

Ni na kawo shi wurin aikinmu. Mai wurin ya sayo babban injin yanka katako wanda aka taɓa amfani da shi, ƙwaƙwalwarsa a mace. Baƙin Allo ya jona masa kwamfuta, ya rubuta ɗan shirin kwamfuta ya sa masa suna yanka. Idan za ka yi aiki sai ka buga:

yanka -t 30 -g 40

Wato t tsayin zarto daga teburin ƙarfe, g kuma gudunsa. Ya taɓa yi mini bayani muna shan shayi. Ya ce, "Kalmomin nan layi suke shigo mini, kamar masu jiran mota. Sai in fara ƙirga su. Na farko sunan shirin ne. Duk wadda ta zo da ɗan gajeren zane a goshi, umarni ce. Ita kuwa -t, wanda ke bayanta take cafkewa, ta ce shi ne lambarta." Na ce to idan na bayan ba lamba ba ne fa? Ya ce, "Wane mahaukaci ne zai yi haka?"

Guduma ne ya yi, ƙanin mai wurin, shi ke kula da ma'aikata. Wata safiya yana sauri, yana zagin wani direba ta taga, ya buga umarnin ya manta lambar tsayi. Sai -t ta cafke -g, ta duba ta ga ba lamba ba, ta ɗauke ta a matsayin sifili. Sifili kuwa shi ne zarto ya sauka har kan ƙarfe. Ni ke riƙe da katakon. Na ji ƙara kamar an tsaga sama, tartsatsi ya watsu, haƙoran zarton suka tashi kamar harsashi. Ɗaya ya lume a bango, ɗaya ya tsaga kunnen wani mai lodi. Na ɗaga hannun hagu don in kare fuska, sai na ga yatsu biyu babu, jini na tsartuwa har kan allon kwamfutar.

Baƙin Allo ne ya yage rigarsa ya ɗaure ni, shi ya goya ni zuwa titi. A asibiti ya dinga naushin bango har fatar hannunsa ta dare, ma'aikaciyar jinya ta ce za ta kira masu gadi. Na ce masa ai Guduma ne ya buga. Ya ce, "Guduma jaki ne, kowa ya sani. Ni ne na rubuta abin da jaki zai ba shi shirme ya haɗiye."

Kafin a cire mini bandeji ya sake rubuta shirin. Yanzu yana duba lamba harafi-harafi. Idan umarni ya zo ba lambarsa, ko aka kawo harafin da bai sani ba, ko wata kalma ta yi saura a layi ba mai ita, sai ya rubuta, "Ban gane ba, ba zan yanka ba," ya nuna maka yadda ake yi. Ya kuma ƙera wa zarton murfin ƙarfe da waya a jiki, muddin murfin na buɗe injin ba ya motsi. Ma'aikata suka riƙa cewa injin ya ɗauko halin ubansa. Ni kuma Baƙin Allo ya laƙaba mini Takwas, ya ce ko a haka na fi shi iya buga kwamfuta.

Shekaru muka yi ba wanda ya ƙara zubar da jini a wurin nan. Baƙin Allo ya yi aure, ya haifi mace, ya rage faɗa. Sai bana aka ba mai wurin kwangilar ƙofofin wata makaranta, lokaci ya ƙure. Buɗe murfi da rufewa yana cin lokaci. Guduma ya zo ya tsaya a kansa.

"Kai, mai baƙin allo. Ƙara mana harafi ɗaya. -d, dole. In na buga shi, ya daina mini tambayoyin banza, ya yanka ko murfi na buɗe."

"Layi biyu ne in rubuta."

"To rubuta mana."

"Ba zan rubuta ba."

"Injin ubanka ne?"

"Hannun ubanka ne za a sa a ciki?"

Guduma ya kwashe shi da mari. Shi kuma ya ɗauki kujerar ƙarfe ya sauke masa a kafaɗa. Aka raba su. Na ja shi waje na ce ya bar musu aikin, ya zo mu nemi wani wuri. Ya ce in ya tafi gobe za su cire murfin, kuma ni ne a gaban zarton.

Ranar da aka aike ni kai ƙofofi suka tare shi bayan tulin katako, Guduma da wasu masu lodi da ya ɗauko daga waje. Da falanki suka yi. Waɗanda suka gani sun ce ya kai ɗaya ƙasa kafin a same shi a ƙeya, daga nan suka dinga taka shi, Guduma na cewa, "Za ka rubuta ko ba za ka rubuta ba?" Na dawo na tarar da shi a kwance a kwata, ido ɗaya a rufe, yana tofar da jini. A asibiti aka ɗaure masa haƙarƙari aka sallame shi, ba wanda ya lura jini na zuba ta ciki. 'Yan sanda sun tafi da Guduma. Mai wurin kuwa, ko sannu bai je yi ba, sai waya yake ta bugawa yana neman wanda ya iya C.

Jiya da la'asar, kwana ɗaya kafin ya cika, na je duba shi. Yana kishingiɗe a kan katifa, matarsa na goge masa goshi da tsumma, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce mata, "Uwar gida, ɗan ba mu wuri, zan yi wa Takwas karatu." Ta harare shi ta fita.

Na ce, "Mutumina, mai wuri zai kawo wani. An ce ɗan jami'a ne."

Ya yi dariya, ya dafe gefen ciki. "Zai rubuta musu. Ba wuya."

"To yaya zan yi? Ni ba na karanta abin nan naku."

"Ba sai ka karanta ba. Kullum da safe, kafin ka ɗora katako, ka ja baya ka buga masa shirme. Ka buga -d, ka buga -t ba lamba, ka buga sunan kakarka in ka so. In ya ce bai gane ba, nawa ne, yi aikinka."

"In ya yi shiru fa?"

"In ya yi shiru ya kama juyawa, ka ɗauki hularka ka tafi gida. Ka ja sauran su tafi. Kada ka tsaya gardama, kai ba ka iya faɗa ba."

Na ce, "Ni ban iya faɗa ba? Ka warke ka gani."

Ya lumshe ido. "Ka ji dai abin da na ce?"

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "To tashi ka tafi, ka cika mini ɗaki da warin katako."