Ranar da Aka Ce Na Bugu a Kasuwar Rogo

A lokacin ni ɗan dako ne, saurayi mai ji da ƙarfi. Daga ƙauyenmu na wajen Kwanyawa nake zuwa Rogo duk ran kasuwa. Buhun masara ba ya ba ni tsoro, bakina kuma ba ya shiru. In babu lodi, aikina ba mutane dariya, musamman da kwaikwayon tafiyar samarin da suka sha ƙwaya. Mu 'yan dako muna da wata ɗabi'a: idan wuya ya sage, sai abokinka ya kama kanka da hannu biyu ya murɗa da ƙarfi har ka ji ƙas. Mu a ganinmu magani ne.

Ran nan da hantsi, muna gama loda mota, wani abokin aikina ya murɗa mini kamar kullum. Wani zafi ya tsarga mini daga ƙeya zuwa bayan kunne, na share. Ba a jima ba kasuwar ta fara juya mini. Mai raken da ke gabana ya koma mutum biyu. Na miƙe in nemi ruwa, ƙafafuna suka ƙi, na dinga tangaɗi ina dafa rumfuna. Sai wuri ya kaure da dariya, har da masu tafi, ana cewa yau kam na fi kullum iyawa. Na buɗe baki in ce ba wasa nake ba, harshena ya yi nauyi kamar an cika mini baki da tuwo. Abin da ya fito dariya ya ƙara musu.

Da na faɗi na fara amai, dariya ta tsaya, zance ya juya. Wani dattijo ya ce dama ba a banza na iya kwaikwayon nan ba, ashe ɗan hannu ne. Aka ja ni bayan rumfa, aka kwara mini ruwa, aka ce a bar ni ta sake ni. Wani ya ɗura mini nono wai zai karya ƙarfin ƙwayar, na ƙware har numfashina ya nemi ɗaukewa. Wallahi ina jin komai, ina gane muryar kowa, amma ko a'a na kasa cewa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Rana tana ta tafiya, ni kuma ina jin ɓarin jikina yana mutuwa a hankali.

Bayan la'asar kawuna, da ya kawo awaki kasuwa, ya ji labari ya zo. Bai tsaya musu da kowa ba. Cewa ya yi ko na sha ko ban sha ba, ba a barin mutum a ƙasa haka. Ya sa aka ɗora ni a a-kori-kura zuwa asibiti a Ƙaraye, daga nan aka tura mu Kano. Bayan hoton kai, likita ta yi wa kawu bayani cewa akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙashin wuya suna ciyar da tushen ƙwaƙwalwa, inda numfashi da haɗiya da daidaiton tafiya suke. Murɗawar nan ce ta yaga ɗaya ta ciki, jini ya daskare ya toshe hanya. Ta ce da mun zo da wuri da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Alhamdu lillahi na rayu, amma dako ya ƙare. Da sanda nake tafiya, ruwa ma sai na kurɓa da dabara. Ba na riƙe kowa a zuciya, don da wani ne ya faɗi, da ni zan fi kowa dariya. Roƙona shi ne kada ku bari a murɗa muku wuya. Idan kuma kuka ga mutum yana tangaɗi, magana ta sarƙe masa, ku kai shi asibiti tukuna, ku tambayi abin da ya sha daga baya. Wataƙila yana jin ku sarai, bakin ne kawai ba shi da shi.