Shawul Ɗin da Na Fara da Dama, Na Ƙarasa da Hagu

Edita, ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon ɗan fili in ba da labarina, ko wata za ta tsira da abin da ni ban tsira da shi ba. A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a Rikoto, maigidana yana fataucin hatsi tsakanin kasuwarmu da ta Mahuta. Saƙar ulu nake yi da kwarashi, ina haɗawa da ɗinkin fulawa a rigar filo da ƙyallen hannu. Hular jariri, safa, ɗan takalmi, marfin talabijin, babu wanda ba na yi, kuma da wuya a yi suna ko biki a unguwar ba a ga aikina cikin kayan barka ba. Da waya ta zo kuwa sai kasuwa ta ƙara buɗewa, don kowa yana son 'yar jaka mai igiya ya rataya tasa a wuya, har malaman makaranta da sojoji. Gaskiya ina da ji da kai a lokacin. Saƙata tamau take fita, in na ga ta wata sako-sako sai in taɓe baki in kau da kai.

Wadda ta fara ɗora mini kwarashi a hannu ina amarya maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Zan kira ta Mama, don haka kowa yake kiran ta. Tsohuwa ce Kirista 'yar Dakarkari, mijinta soja ne ya rasu a bakin aiki, ita kuma a yawon bariki ta koyi saƙa wurin matan zumuntar coci. Hausarta irin ta mutanen kan tudu ce, mace ma “kai” take ce mata, in na yi dariya ta ce in na isa in yi mata gaisuwar safe da yarensu C'lela mu gani. Ga faɗa, ga kyauta. Ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar goro don ta koya mini ba. Da hannuna ya faɗa, masu saye suka dawo wurina, sai na rage shiga gidanta, ita kuwa ko a jikinta, har turo mini mutane take yi.

Ina da ƙanwa guda ɗaya da na raina tun rasuwar mahaifiyarmu, aka aurar da ita can Sakaba. Da labari ya zo cewa tana da cikin fari, na aika mata cewa kada ta kuskura ta sayi shawul ɗin kasuwa, ni zan saƙa wanda za a fito da jaririn cikinsa ranar suna. A wurinmu wannan aikin uwa ne, ita kuma ba ta da wata uwa sai ni. Na zaɓi farin ulu mai laushi, na fara daga tsakiya ina zagayawa, yana faɗaɗa kamar faifai. Na kai kusan rabi ulu ya ƙare, sai na hau kabu-kabu zuwa kasuwa in ƙaro. Damina ce, an yi ruwa da safe. Wata akuya ta gitta, mai babur ya taka birki, muka zube a taɓo, na dafe ƙasa da hannun dama. Na ji ƙarar karayar da kunnena.

Nan aka rabu biyu. Mama ta ce a tafi asibiti, ta ga irin wannan a bariki ba sau ɗaya ba. Dangin maigida suka ce asibiti yanke hannu suke yi, akwai wani mai ɗori a wani ƙauye da ya gaji abin tun kakanni. Ni ma ɗorin na zaɓa, don an ce ya fi saurin haɗa ƙashi, ni kuwa shawul ke raina. Mutumin ya ja hannun, ya jera kara, ya naɗe da tsumma. Wallahi da bakina na ce masa ya ƙara ɗaurewa, don a ganina duk abin da bai yi tamau ba aikin banza ne, kuma ina tsoron hannun ya warke a karkace. Ya ƙara kuwa. Muka dawo gida, ciwo ya ce bismillah. Yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka fara duhu. Mata suna shigowa dubiya suna cewa ai zafin nan alamar ƙashi na haɗuwa ne, kada a taɓa ɗaurin, suna yaba mini cewa ni jaruma ce ko uhum ba na yi. Ni kuma yabon ya shiga kaina, na cije, na ƙi faɗa wa kowa cewa na daina jin yatsun gaba ɗaya.

Mama ta tafi jana'izar wani ɗan'uwanta a ƙauye, sai da ta dawo ta shigo. Ko zama ba ta yi ba, ta kama yatsuna ta matsa farcen, ta tambaye ni ko na ji. Na ce a'a. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan almakashin da take yanke ulu da shi, ta datse tsumman nan gaban surukata da kowa. Aka yi ca a kanta, ta ce duk mai magana ya biyo ta asibiti ya ƙarasa a can. Ita ta tsaya kan maigidana har ya samo mota. Likita ya ce da an ƙara jinkiri sai dai a cire hannun daga gwiwa, amma jijiyoyin sun riga sun lalace. Ƙashi dai ya haɗu. Yatsuna huɗu kuwa suka lanƙwashe cikin tafi, har yau da nake ba da wannan labari ba su miƙe ba.

Ban san akwai baƙin ciki irin wannan ba sai da na dawo gida. Ɗaura zane ya zama aiki, tuƙa tuwo sai an taya ni, ci da hagu kuwa sai na rufe ƙofa don kunya. Na cusa shawul ɗin cikin leda na tura ƙarƙashin gado. Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi ci mini rai saƙon ƙanwata ne, cewa in kwantar da hankalina, mijinta zai sayo tawul mai kyau a kasuwa, ba komai. Don ta sauƙaƙa mini ta faɗa, amma ni ji na yi kamar an ce na tashi daga matsayin uwa. Na yi kuka har na gode Allah. Daga baya dabara ta zo mini, na ɗauki ledar na shiga gidan Mama, na roƙe ta ta ƙarasa mini a ɓoye, in kai a matsayin nawa.

Ta buɗe shawul ɗin ta daɗe tana shafa shi, sannan ta naɗe ta mayar mini a cinya. Ta ce, “Ɗiyata, ba zan ba ka aron hannu ba. Kana da guda a jikinka yana zaman banza.” Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce mata dama na san tana jin haushin na ƙwace mata kasuwa, yau ga shi ta samu yadda take so. Allah ya yafe mini wannan magana. Ita kuwa sai ma ta tambaye ni ko na ci abinci. Washegari da hantsi sai ga ta da kujeru biyu 'yan tsugunne da ragowar ulu a kwando, ta ce in fito tsakar gida, ita ba ta koyarwa a ɗaki mai duhu.

Yadda ta koya mini shi ne abin da har gobe nake jinjina mata. Da can gefe da gefe muke zama in kwaikwayi hannunta. Yanzu sai ta zauna gabana, gwiwa na gugar gwiwa, ta ce kada in yi tunanin dama ko hagu, in kalli hannunta kawai in yi abin da na gani kamar ina duba madubi. Ita tana yi da damanta, ni kuma hannun da ke fuskantar nata shi ne haguna. Matsalar da ta rage ita ce riƙon zare, don hannun da ba ya riƙe kwarashi shi ke jan ulu, nawa kuma ya mutu. Ta gwada wannan ta gwada wancan, ƙarshe ta maƙala fil a zanena wajen gwiwa ta zura ulun ta ciki, ta zagaya shi a lanƙwasasshen ɗan yatsana, ta ce ai ga ƙugiya Allah ya ba ni kyauta. Na yi dariya ina hawaye. Farkon abin ba kyan gani, sarƙar farko ma ta gagare ni, ni da nake saƙa ina hira ba na ko kallo. Sau nawa na yi jifa da kwarashi na ce na bari! Sai ta tashi da ciwon gwiwarta ta ɗauko, ta goge a zane, ta ce saura in jefa shi rijiya, tana da wasu a gida. Haka muka yi ta yi har aka yi girbi, sanyi ya shigo. Sai daga baya wata 'yar cocinsu ta gaya mini cewa duk aikin Kirsimeti da aka kai mata a shekarar ta mayar, ta ce tana da ɗaliba. Wannan lokacin ne kuwa kasuwarta ta shekara, kuma ko da wasa ba ta taɓa gaya mini ba.

Da hannun ya fara jin magana, ta ce in ɗauko shawul. Nan wata sabuwa ta ɓullo. Mai saƙa da hagu baya take zagayawa, ɗinkin kuma yana kwantawa ɗaya gefen, ga nawa na yanzu ya fi na da sakewa. Da na yi 'yan layuka sai ga zobe ya fito fili a tsakiyar shawul ɗin, ko yaro ya kalla zai ga inda aiki ya canza. Na ce sam ba zan kai wannan abin kunya gidan surukan ƙanwata ba, gara in warware duka in sake daga farko, ko da ba zan gama kafin haihuwa ba. Har na kama bakin zaren zan ja, ta riƙe mini hannu. Ta ce, “Wannan na tsakiya shi ne aikin ƙarshe da damanka ya yi a duniya. In ka warware, wa zai sake yi maka irinsa?” Na saki zaren. Ban ƙara maganar warwara ba, na duƙufa, ita kuma tana gefe tana kwance mini ulu tana ba ni labarin bariki.

Ƙanwata ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace, ni kuma ana gobe suna na ɗaure bakin zaren ƙarshe. Na ce Mama sai ta raka ni, ta saka ankon cocinta muka hau motar Sakaba. Ɗakin mai jego cike da mata, na ciro shawul ɗin zan miƙa, bakina ya fara cewa a yi haƙuri da hagu, kamar yadda na saba tun da abin ya same ni. Mama ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce da ƙarfi hannun da ya yi aikin shi zai miƙa, ba haƙurin da za a ba kowa. Ƙanwata ta shimfiɗa shi a gado. Wata daga cikin dangin mijin ta nuna zoben tana tambaya ko sabon yayi ne. Ƙanwata ta sunkuya a kan shawul ɗin. Ta bi layin da yatsa har ta zagayo, ta dubi hannuna na dama, ta dubi na hagu, sai ta kifa fuska cikin ulun ta fashe da kuka. Da ta natsu ta naɗe jaririyar da kanta, ta ɗora mini ita a kafaɗa, ta ce, “Inna, fito da 'yarki.” Tunda take ba ta taɓa kira na da wannan suna ba, Yaya take cewa.

Na koma sana'ata, ko da yake saurina na da ya tafi, kuma na daina taɓe wa aikin kowa baki. Mama ta koma ƙauyensu da idonta ya yi rauni, can ta rasu, na je na zauna makoki cikin danginta kamar 'yar da ta haifa. Abin da na koya shi ne mai ƙaunarka ba lallai ya ba ka abin da ka roƙa ba, kuma maƙwabcin kirki ba a tambayar inda yake ibada. Jan kunnena ga 'yan'uwa, musamman masu ci da hannunsu, shi ne kada gaggawar komawa aiki ta sa ku wasa da karaya. In an yi ɗori kuka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun canza launi, ku kwance ku nufi asibiti, kada ku jira izinin kowa, kada kuma ku ɓoye ciwo don a ce kuna da dauriya. Ku ma masu zuwa dubiya ku ji tsoron Allah, ku daina yaba wa majinyaci shirunsa. Mata sun fi a ƙirga da suka shigo ɗakina suka ce sannu, amma mutum ɗaya ce ta kama yatsun ta tambaye ni ko ina ji.