Yatsun da Kawu Bai Gani Ba

Jiya na ji tsohon kiɗan jita a rediyo, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Malamin makaranta ne a Damari. In ya ɗora faifai a garmaho, ko tari ba ya son ji.

Wata damina makaɗin da yake ƙauna ya zo wasa Birnin Gwari. Muka ratsa daji a keke, rafi ya cika ya tsare mu. Muka isa jiƙe sharkaf, an tashi wasa, ana kwashe bencina.

"Shekara bakwai ina sauraron mutumin nan," in ji Kawu, "ban taɓa ganin yatsunsa ba."

Har ya rasu bai gani ba, abin yana ci mini rai. Allah ya jiƙanka Kawu, ya kai ka inda ba a makara.