Harsasan da Baba Ya Ajiye

Ranar da zan baro gida, a bakin mota na yi wa Baba alkawari: in kaka ta yi zan dawo mu shiga daji tare. Kakar ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, ni ina nan Guangzhou ta ƙasar China ina safa da marwa tsakanin ɗakina na unguwar Dengfeng da masu ɗinkin wandon jins a Xintang. Shi kuwa tsoho yana can yana ƙara tsufa, kuma daji ba ya yi da gwiwar da ta gaji. Tsorona ke nan kullum, kada ƙarfinsa ya ƙare ban cika alkawarin nan ba.

Baba maharbi ne a garinmu, can kudancin Kano, bakin daji. Bindigarsa mai baki biyu ce, da takardarta ta hukuma, kuma ta girme ni. Ba mai ɓarnar harbi ba ne. Zabin daji, makwarwa, in an yi sa'a gada. Har yau in na rufe ido ina jin raɓa tana jiƙa min ƙafar wando, ina jin ƙaurin albarushi bayan harbi, da zabon da muke gasawa a gindin ɗorawa mu barbaɗa masa yajin da Inna ta ƙulle mana a leda. A nan Dengfeng akwai matar da ke yi mana tuwon shinkafa, Allah ya saka mata, amma kazar da take sawa a miya, wallahi in ka tauna kamar kana tauna soso. Duk ranar da na ci sai na tuna gida.

To, da rashin tsaro ya bazu a Arewa, sai harsashi ya yi ɓatan dabo. 'Yan sa-kai na nema, masu shanu na nema, hukuma kuma ta matsa wa masu sayarwa. Mai shagon da Baba ya saba saya a birni, ko yaushe ya je sai ya ce babu. In ma an samu a bayan fage, kuɗin guda ɗaya ya fi kuɗin zabon da za ka harba da shi. Masu hannu da shuni kuwa suka riƙa kwashewa kwali-kwali suna turawa ƙarƙashin gado, mutanen da ko hasbiya ba su taɓa harbi ba. Wannan abu ya ƙona wa Baba rai. In na kira shi, rabin hirar zaginsu ne.

Wata rana da la'asar a nan, can gida hantsi ke nan, na kira shi. Ko gama gaisawa ba mu yi ba.

"Kai, mutumin China."

"Na'am, Baba."

"Wai ba ku ne ke ƙera komai ba? Tocilata taku ce, rediyona naku ne, har butar alwalata. To, ka cusa min harsashi kwali biyu cikin wandunan nan da kake aikowa."

Tun da na zo ƙasar nan, ko silifa Baba bai taɓa roƙona ba. Wannan ne na farko. Sai na ji kaina na ce, "To, Baba, zan duba."

Zan duba! A ƙasar da ko jirgin ƙasa za ka shiga sai an tura jakarka cikin na'ura. Na san haka sarai. Amma Bakano in ya tashi a kasuwa, gani yake babu abin da ba a sayarwa, sai dai ba ka gano ƙofar ba. Na fara da mai kamfanin da ke yi min ɗinki a Xintang, wanda muke ce wa lawban, wato maigida. Muna shan shayin nan nasu marar sukari, na rubuta a waya ta fassara masa. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa. Sai ya dire kofi.

"Meyo! Meyo!" Babu ke nan. Ya haɗa wuyan hannuwansa biyu kamar an sa masa ankwa, yana waiwayen ƙofa. Ranar ko rakiya bai yi min ba.

Duk da haka ban daddara ba. Na wuce titin Huanshi Lu, ofishin wani mutumin Maraɗi da ke yi mana lodin kaya. Na rage murya na faɗa masa. Ya cire tabarau.

"Alhaji, lafiyarka ƙalau kuwa? In sa wannan a kontena, 'yan duwan, kwastan ɗin nan, su buɗe, ni da kai mu ruɓe a kaso? Tashi ka ba ni wuri, don Allah!"

Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Mutumin nan bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin magariba duk masu cin tuwo a Dengfeng sun ji, aka laƙaba min Sarkin Baka. In na shigo sai wani ya ce a matsa, ga mai dajin Xintang ya iso. Na ji haushi, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Ashe akwai abin da China ba ta da shi."

"Tana da shi, Baba. Sayarwa ce ba ta yi."

"To, ai halinta ɗaya da mutanen garinmu."

Bai sake tayar da maganar ba. Ƙanena, wanda ke noma tare da shi, shi ne ya fara tsegunta min abin da ya biyo baya. Wai Baba da kansa ya shiga sahun masu tarawa. Duk inda ya ji an ce wani yana da harsashi, sai ya hau keke, ya sayo ɗaya, ya sayo biyu. Har tunkiyarsa ya sayar. Kuma ya daina harbi kwata-kwata. Birai suka sauko gonar masara suna cin karensu babu babbaka, tsoho yana bin su da majajjawa yana buga gwangwani, ga bindiga a jingine a ɗaki. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne na amininsa, wanda muke kira Baffa, abokin farautarsa tun suna samari. Baffa ya zo neman guda biyu kacal, Baba ya dubi idonsa ya ce babu. Baffa ya san akwai. Daga ranar ya daina zuwa zama a dakalin ƙofar gidanmu.

Ina kan gadar masu tafiya da ƙafa ta Huanshi Lu na kira shi, zuciyata na tafasa.

"Haba, Baba! Kai da kake zagin masu ɓoyewa? Biri na cinye maka masara, ka hana Baffa, ka sayar da tunkiya. Jiƙa su za ka yi ka sha?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya bar ni har na kai aya.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Ba nawa ba ne. Na ranar da za ka zo ne. So kake ka taso daga wata uwa duniya mu shiga daji da sanda?"

Allah Sarki. Motoci na wucewa a ƙarƙashina, mutane na bangaje ni, ni kuwa ina tsaye da waya a kunne. Kewarsa ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Da a ce akwai motar garinmu a ƙasan gadar nan, da a ranar zan shiga, ko jaka ba zan koma ɗauka ba.

Amma zaman ƙasar nan ba haka yake ba. In ka fita takardunka ba su daidaita ba, ba ka da tabbacin za a bar ka ka dawo, ga kayan mutane a hannunka rabi an ɗinka rabi ba a yanka ba. Duk wanda ke nan ya san wannan. Kullum bari kontenar nan ta tashi, bari a buga min hatimin nan. Baba kuma duk kiran da na yi sai ya ce ya ƙara harsashi guda, yana ta murna. Na daina yi masa faɗa. Sai in ce Allah ya ƙara, mu shiga lissafin ta ina za mu fara, ta bakin rafi ko ta gindin dutse.

Ana cikin haka sai raɗe-raɗi ya cika gari, wai za a bi gida-gida a yi bincike, duk wanda aka samu da harsashi da yawa za a ce shi ke kai wa 'yan bindiga. Babu wanda ya ga masu binciken da idonsa, amma kowa ya shiga ɓoyon nasa. Baba sai ya yi abin da ya iya. Yadda yake adana irin wake tun yana saurayi, haka ya yi musu: ya samo tulu, ya zuba toka, ya jera harsasai, ya sake zuba toka, har ya cika. Ya liƙe bakin da taɓo, ya haƙa rami a bayan turken awaki ya binne. A wurinsa abin da ya hana ƙwaro cin wake ba zai kasa tsare harsashi ba. Bai gaya wa kowa ba, kuma daminar shekarar ta yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Wajen ƙarshen daminar takarduna suka fito. Ko zama ban yi ba na kira shi.

"Baba, in Allah ya yarda, kakar nan ina hanya."

"Da gaske?"

"Wallahi da gaske."

"Allah ya kawo ka lafiya," in ji shi, ya kashe waya. Ashe fartanya ya je ɗauka don ya tono tulun.

Ina Xintang a tsakiyar kekunan ɗinki ƙanena ya kira ni ta bidiyo. Na fita waje don in ji. Sai ya juya wayar. Ga rami, ga tulu a gefe, gindinsa ya tsage. Ruwa ya shiga, toka ta zama caɓi. Kowa kuwa ya san ruwan toka, ƙarfe ma ci yake. Baba na tsugune yana tsamo harsasan ɗaya-ɗaya yana jerawa a kan buhu. Gindinsu duk tsatsa, wasu sun yi kore, wasu sun kumbura.

Ya zaɓi wanda ya fi kyan gani, ya goge da bakin rigarsa, ya ɗura, ya miƙe ya saita sama. Ƙyas. Ya cire, ya sa wani. Ƙyas. Ya sake. Awaki ma ba su ɗaga kai ba. Haka ya yi ta yi, har ƙanena ya ce, "Baba, bari haka nan, kada wani ya fashe maka a hannu."

Ya zauna a kan turmin Inna, ya ɗora bindigar a cinya. Ban taɓa ganin Baba ya yi ƙanƙanta haka ba. Tausayinsa ya cika ni.

"Baba, babu komai. Allah ya mayar da alheri. Baba, kana jina?"

Ya miƙa hannu, ƙanena ya ba shi wayar. Bai iya riƙe ta ba, ya kawo ta daf da fuska, goshinsa da bakin hularsa kawai nake gani. Na jira ya yi maganar tunkiyarsa, ko masararsa da birai suka cinye. Bai yi ba. Ya yi gyaran murya, ya yi magana a hankali, kamar ba ya so ƙanena ya ji.

"To, yanzu da babu su, za ka zo ɗin?"

Innalillahi. Ashe duk tsawon lokacin nan gani yake sai da wani abu a hannunsa zan zo. Hawaye suka zubo min a gaban masu lodin Xintang, ban ko damu da kallonsu ba.

"Zan zo, Baba. Wallahi zan zo. Kai nake so in gani."

Na ji ya ja hanci.

"To," in ji shi. Ya miƙa wa ƙanena wayar. "Karɓi abinka, ka je ka gaya wa innarku."