Gadon da ke cikin odinatar

Jama'a, yau an zo ɗaukar gadon da ba a ma sari katakonsa ba!

Kun tuna gado da armuwar, wato kabad ɗin kaya, da na zana a 3D na ɗora a status? To da hantsi ina atiliye, shagon kafinta na Kawu Issa nan Tasawa, sai ga wani dattijo daga Kona da amalanken shanu! Wai ɗansa ya nuna mai hoton, ya zo ɗauka.

Na juyo mai odinatar, wato kwamfuta, na ce, "Baba, ga shi nan ciki, zane ne."

Ya ce, "Ƙarya ne! Hoton ƙasar waje kika sato."

Kawu ya hau ni da faɗa: "Rakiya, kin ja muna kunya. Goge abin wasan nan yanzu!"

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wallahi ba ni gogewa."

Na juya gadon cikin odinatar a gabansu, na buɗe ƙofar armuwar. Na tambayi faɗin ɗakin, dattijon ya ce taku huɗu. Na auna takunsa da mita, na shigar. Ashe ƙofar armuwar za ta bugi gado! Nan take na rage ta, ta buɗe sarai.

Sai dattijo ya ce, "Malam Issa, haka nike so. Kada ka yanka katako sai da awon yarinyar ga."

Yanzu haka Kawu na tsaye kaina da zarto, yana jiran in faɗa mai santimita nawa!